Zane uku a kumatun mai shebur

Ina tsugune a falon kakana a Tottenham, wani tsohon hoton fenti na jingine da bango, wayata na ta ƙara. Matar museum ce, wato gidan adana kayan tarihi, karo na uku yau. Shekara goma cif da rasuwar kakan nawa, Malam Ilu, kuma council, hukumar da ke da gidan, sun ce mu ba da makullin flat ɗin ranar Juma'a tunda matarsa Hajiya ta koma wajen Ummata.

Ya zo London lokacin da arziƙin mai ya sa gwamnati ke ta turo ɗalibai. Abokansa suna cika akwati da rediyo da takalma, shi ya dawo daga wani shagon tsofaffin kaya a Whitechapel da wannan hoton fenti a kafaɗa. Bature ne da hula a kan wani tudu, ya ɗaga tsohuwar tukunya yana kallo. A ƙasansa, cikin rami, baƙaƙen fata shida suna haƙa. Mai shagon ya ce masa gonar auduga ce a Amurka, Baturen mai sha'awar tone-tone ne, mutanen kuma bayinsa.

Kullum da safe kafin shayi sai ya tsaya gabansu ya ce, "Sannunku da aiki." Baturen bai taɓa samun gaisuwa ba. Ina ƙarama na tambaye shi dalili.

"Amaryata, kin ga yana wani aiki? Tukunya kawai aka miƙa masa."

Sai ya ɗora yatsa kusa da na ukun, mai shebur. Zane uku ne a kumatunsa. "Wannan ɗan gida ne. Irin na kakata."

Wancan satin na yi booking, na kai hoton museum a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Matar tana da kirki, ta ce suna so, za su gyara shi. Ta haska kumatun da fitila ta ce ba zane ba ne, fenti ne ya tsage, za su cike. Na ce a bar shi haka. Ta ce in an bari, ɓarewa zai ci gaba har fuskar ta tafi.

Na dawo da shi falon nan. Wataƙila gaskiyarta. Wataƙila shekara arba'in kakana yana gaida tsagar fenti. Amma a takardar da za su manna, sunan Baturen ne kawai, sauran an ce "ma'aikata". Zanen nan shi kaɗai ke cewa mutumin yana da gari.

Umma ta gama magana. "Ba za ki kawo min bayi falo ba, Hauwa. Ki ba su, ko a sa a skip na zuba shara." Ɗakina a Woolwich kuma danshi ya ci bango, hoton ba zai kai wata shida a can ba.

Da yana nan, ban san me zai ce ba. Mutum ne mai son a gyara abu, takalmi ɗaya ya kai wa mai gyara sau biyar. Amma ba na jin zai tsaya a shafe fuskar ɗan gida.

Abin da ya bar min dai gaisuwar ce. Har yau ba na wuce mai shara a tasha ban ce sannu ba. Ɗazu ma na gaida su shidan.

Wayar ta sake ƙara. Ku da kuke karantawa, in ba su su cike zanen fuskar ta tsira, ko in riƙe shi da zanensa ya ruɓe a hannuna?