Dogon da Ya Bi ta Gonar Kawu

Wata Lahadi ce bayan kaka, a 1964, da la'asar. Mu uku ne a zauren gidana na Funtua: ni da kawuna da ƙanensa. Sun kawo auduga kanti daga ƙauyenmu da ke hanyar Malumfashi, suka biyo gaisuwa. A lokacin ina akawu a tashar jirgin ƙasa.

Abin da suka tarar shi ne wani tsohon ƙyaure da na ɗora kan garewanin kananzir, na gina 'yar ƙaramar ƙasa ta wasa a kansa, da jirginta da layin dogonta. Kan jirgin na saye shi a gwanjon kayan wani Bature mai komawa gida, irin wanda ake murɗa wa mabuɗi. Dogon da ya zo da shi bai kai ko'ina ba, sai na ƙara da waya, na shimfiɗa ta kan sillen kara. Tankin ruwa gwangwanin madara ne, tuddai kuma laka. A wannan gefe na yi tasharmu. Can gefen ya zauna fili, sai na cike shi da abin da na fi sani: ƙauyen mahaifiyata, da rumbuna, da gonar kawu da tsamiyarta.

Akwai abu guda da ya kamata a fahimta. Jirgin gaske daga Zariya yake zuwa ya wuce Gusau. Na wasa kuwa dole ya zagayo, in ba haka ba ya faɗo ƙasa. Don haka na lanƙwasa dogon ya bi ta can gefen, ya ratsa gonar, ya shafi gindin tsamiyar.

Na murɗa mabuɗi na saki jirgin. Kawu bai yi dariya ba. Ya tsuguna, ya bi shi da ido har ya tsaya, sannan ya ɗora yatsa kan reshen da na kafa.

"Wannan tsamiyata ce?"

"Ita ce, Kawu."

"Yaushe za a fara?"

"A fara me?"

"Malam akawu," in ji shi, kuma ba ya kirana haka sai in yana zargina, "ni na goya uwarka. Kada ka yi mini Turanci."

Na yi masa bayanin zagaye. Ya ce ai ƙyauren yana da faɗi, me ya sa zagayen bai zaɓi gonar kowa ba sai tasa? Na ce don ita na fi tunawa. Ya ce haka safiyo, masu awon ƙasa, ma ke cewa. Yana yaro ya ga yadda aka yi dogon Gusau: an fara da zane a takarda, sai turaku, sai aka wayi gari gonar mutum ta rabu biyu. Shi a saninsa ma'aikacin gwamnati ba ya ɓata hutunsa a kan wasan yara.

Kawu bai musulunta ba. A gindin tsamiyar nan yake yanka kafin saukar damina, kamar yadda ubansa ya yi, kuma gonar ita ce mafi kyau a gandunsu. Tsoronsa biyu ne: ya zuba taki a ƙasar da za a ƙwace, kuma a sare itacen yana ji yana gani, a ce a hannunsa abin ya lalace.

Ƙanensa ya ce, "Yaya, ka bar yaron nan. Ƙato da gemu yana wasa da gwangwani, ai wannan ma ya ishe shi abin kunya."

"Kai rufe baki. Wanda ya ga wuta a gemun ɗan'uwansa ba ya tsayawa tambayar ko ta wasa ce."

Da suka tafi, matata ta ce in kawar da dogon daga gonar kawai a huta. Na ga da gaskiyarta. Na yi mako ina warware waya, na mai da layin ta bayan tudu.

Da kawu ya dawo da sauran audugarsa, shi da ƙanensa, na nuna masa. Ya duba a hankali, ya taɓa inda alamar tsohon layin ta rage a laka.

"Wa ya ba ka izinin canzawa?"

"Ba wanda ake tambaya, Kawu. Nawa ne."

"In wasa ne, don me ka wahala ka sake? Ka dai ga na gane, ka ɓoye."

Na ce zan rantse. Ya ce rantsuwata ta wurin mutanena ce, shi ba ya so ya ɗora mini nauyin da zai sa a kore ni daga aiki. Ya faɗi haka da tausayi. A ganinsa an hana ni magana ne a ofis, ni kuma na nemi hanyar gargaɗinsa ba tare da na buɗe baki ba. Har godiya ya yi mini.

Ƙanen nasa ya tsaya a baya lokacin da kawu ya fita. Ya rage murya ya ce, "Tsakaninka da Allah, babu wani dogo?"

"Babu."

"Ko a takarda?"

"Ko a takarda."

Ya gyaɗa kai, ya ce in gai da mutan gida. Na ɗauka zai je ya kwantar wa yayansa da hankali ne. Shi kaɗai ne ya yarda da maganata, kuma har yau ban san me ya faɗa a ƙauye ba, ko kuwa shiru ya yi.

Kafin ruwan farko saƙo ya iso mini cewa sun yi musayar gona a gaban dattawa. Kawu ya karɓi ta ƙanensa, mai tsakuwa, can nesa da hanya. Ƙanen ya karɓi mai tsamiya da yankanta, ya sa Fulani suka kwana a ciki da shanunsu, ya shuka dawa.