Ƙwallayen Dabino Biyar

Ranar Juma'a da ƙarfe huɗu da kwata, ina tsakar gida a Matameye tare da matata da 'yata Hadiza, sai Hadiza ta zazzage aljihun tsohuwar rigar marigayi mahaifina. Ƙwallayen dabino biyar suka zubo, duk sun yi santsi don yawan taɓawa.

Da su yake tsara yadda za mu kai jikokinsa Yamai a motata, su hau lilon ƙarfe a filin wasan yara. Yakan jera su a kan tabarma, kowane ƙwallo garin da za a yi zango: Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Doso, Yamai.

Shekarar farko na ce sai na sauya tayoyi. Ta biyu na ce sai bayan girbi. Ta uku ya dube ni ya ce, "Kai dai, ɗana, ko makabarta za a kai ni sai ka ce a jira a gyara hanya." Na yi dariya. Bai ga kakar wannan shekarar ba.

Yanzu Hadiza ta wuce hawan lilo. Ta ninke rigar.

Mai karatu, ina roƙonka ka roƙa masa hasken kabari, ni kuma ka roƙa mini gafarar jinkirina.