Taswirar da Malam Ya Bar Min a Bango

Har yau ina tambayar kaina, ya san zai tafi ne ya yi min taswirar nan? Jikata ce ke rubutawa, ni ban yi boko ba.

Mun daɗe muna aiki tare da mijina, Malam Sani, a wani ofishin tura kaya a unguwar Xiaobei, can ƙasar waje inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya. Ni ke ware kwalaye, kowanne da kwantenar da zai shiga kafin a kai tashar jirgin ruwa ta Nansha. Shi ke karanta min sunayen.

Da ciwo ya fara cin ƙarfinsa, sai ya zauna da Madam Lin mai kwamfutar ofis, suka ja layi tsakanin duk 'yan kasuwar da suka saba lodi tare. Abin ya fito kamar taliyar da ta cuɗe. Ya ce, "Ko ni ba zan gane ba, balle Hajiya," wato ni. Sai suka mai da shi taswira. Kowane rukuni ya zama ƙasa da launinta, kowane mutum gari, da hotonsa a kai. Rawaya masu lodin Legas, kore masu lodin tashar Tema.

Akwai ranar da ba ta fita a raina. Malam na asibiti, lawban, wato mai ofishin, ya ce in lodin makon ya gagare ni zai kawo wani a madadina. Kayan Alhaji Bala suka iso. Bakano ne, Madam Lin ta ce a sa su kwantenar Legas. Na dubi bango, ga hotonsa cikin kore, daf da iyaka.

Na ce, "Tema."

Madam Lin ta ce, "Mama, fasfonsa na Najeriya ne."

"Meyo, a'a. Malam bai ajiye shi can ba."

Lawban ya kira Alhaji Bala a waya. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Surukaina na zangon Kumasi ke karɓar min kaya a Tema, wa ya ce muku Legas?" Ba a sake maganar kawo wani ba.

Ku da kuka zo bayanmu, a aikin nan ba mahaifar mutum ake dubawa ba, a dubi da wa yake tafiya.

Da la'asar na kai wa Malam labari. Ya yi murmushi, numfashi na yi masa wuya. Na ce, "Kowa ka ba shi gari, ni ban ga hotona a taswirar ba." Allah ya jiƙansa, amsar da ya ba ni ita ce ta ƙarshe da na ji daga bakinsa:

"Ke da za ki tsaya a gabanta, Hajiya? Ki dai riƙa sa sababbin zuwa kusa da mutanensu."