Durom ɗin Wanke Kwanson Harsashi

Har gobe ban manta da ranar da muka fara tayar da durom ɗin wanke kwanso da na haɗa da hannuna ba. Lokacin ina makanikin injuna a wani sashe na gwamnati mai kula da harsasan horo, a nan kudancin garin Kaduna. Ku da kuka zo kuka tarar da injuna na zamani, ku ji yadda muka yi.

Idan an harba bindiga, kwanson tagulla ne ke faɗowa ƙasa, kuma ba a zubar da shi. Daga filin koyon harbi ake tattaro shi cikin buhuna, mu wanke, a duba, sannan masu izinin cikawa su sake cika shi a nasu ɓangaren. Namu wanki ne kawai. To, a wata damina injin wankinmu ya mutu, kayan gyaransa kuma sai daga waje. Buhuna suka taru har tagullar ta fara yin kore.

Shugaban sashenmu, Oga Yakubu, tsohon soja ne mutumin Filato, ba ya son dogon bayani. Ya ce, "Danladi, za ka iya ko ba za ka iya ba?"

Na ce, "Zan iya, Oga. A ba ni dama kawai."

Na hau keke zuwa wajen 'yan gwangwan a Kakuri. Na samo injin wata tsohuwar na'urar wanki, da boris na juyi, da bel ɗin fambel mai jan inji, da durom na roba mai murfi. Roba na zaɓa da gangan, don ƙarfe bisa ƙarfe yana iya ƙyasta wuta. Na yi waldar ƙafafu, na kafa 'yan katakai a cikin durom ɗin don kwanson ya riƙa juyawa maimakon zamewa, na rage gudun injin. Abin gugar kuwa totuwar masara ce daga 'yar gonar matata a Kamazou, aka niƙa mini ita tsaki-tsaki. Na gwada da kwanso tafi guda, ya fito yana sheƙi.

Ranar da za mu fara aiki sosai, sai ga labari cewa manya daga hedikwata za su zo da yamma. Oga ya ce a juye buhu sukutum a durom, su tarar da aiki ya yi nisa.

Na ce, "Oga, ba zan kunna ba sai an tsince kwanson ɗaya bayan ɗaya."

Ya ce, "Ai an tsince a fili kafin a kawo."

"Na sani. Amma cikin laka suka tsince, kuma ni zan tsaya kusa da durom ɗin."

Ya dube ni ya daɗe. Na san yana iya rubuta ni da ƙin bin umarni, amma ban kawar da kai ba. Can sai ya ja benci, ya naɗe hannun riga ya ce, "To, matso da buhun. Hannu da yawa ya fi sauri."

Muka shimfiɗa tamfol muka zauna, ni da shi. Mun kai wajen rabin buhu sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya goge laka da babban yatsa, ya miƙo mini tafinsa. Harsashi ne mai rai wanda ba a harba ba, da kansa da komai. Ya tashi ya sa shi a akwatin da aka tanada don irinsa, ya kulle, ya dawo ya zauna muka ci gaba.

Da manya suka iso, rabin buhu kawai ke juyawa a durom. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi dalilin jinkirin. Oga ya ce, "Yallaɓai, haka tsarinmu yake. Ba abin da ke shiga nan sai ya bi ta hannun mutum."

Tun daga ranar ya zama ƙa'ida a sashen. Mai yiwuwa da harsashin ya shiga ba abin da zai faru, amma a wannan sana'a ba a aiki da mai yiwuwa. Kuma na gane cewa shugaban kirki, in ka faɗa masa gaskiya da ladabi, ba ya ƙin ji. Inji yana wanke duk abin da ka ba shi. Kai ne za ka san abin da ka ba shi.