Zayyanu Mai Ajiye Sawun Kwamfuta

Ɗanmusa, kai ka shafe fuskar ɗana, ka koma kana cewa kwamfuta ce ta lalace da kanta. Ni Laraba ta Tsamaye na faɗa aka rubuta, don ban yi boko ba. Amma yabon Zayyanu ya kawo ni.

Shekara goma sha ɗaya Zayyanu na kula da kwamfutocin ofishin rajistar manoma a Sabon Birni. Kafin kowa ya iso ya tada janareta. Duk manhajar da aka sa ko aka cire, na'ura takan rubuta wanda ya yi, da rana, da lokaci. Kowa watsar da rubutun nan da ake ce ma sawu yake, shi sai ya kwafe ya adana. Abokan aiki har tsiya suke mishi: "Malam Sawu, an tara na yau?"

Ɗana Lawwali ya tafi gona damina uku ke nan, bai komo ba. Ba ni da hotonshi sai wanda aka ɗauka ranar rajista. Duk ran kasuwa sai in biya ofis. Zayyanu ya tashi ya ba ni kujerarshi, ya ce, "Inna, ga mutuminki, har yau bai gyara hular ba." In yi ta kallo har a kira la'asar.

Wata rana na tarar babu komi cikin kwamfutar. Ɗanmusa, shugaban ofis, ya cire tsohuwar manhaja don a sa sabuwa, bai kwashe ko suna ɗaya ba. Zayyanu ya buga takarda ya karanta gaban manoma: ran Talata bayan azahar, da sunan Ɗanmusa aka shiga, na'ura ta tambaya ko a ajiye bayanan mutane, aka ce mata a'a. An ce ya goge sawun, ya ƙi. Yanzu an tura shi garin Isa.

Zayyanu, kai ne ɗan halak. Ba ka iya maido mini fuskar ba, amma ka hana a maishe ni mahaukaciya. Allah shi saka maka. Ku ma'aikata, ku riƙa ajiye sawu kamar shi.

Kai kuwa Ɗanmusa, takardar na ƙulle bakin zanena. Na fara mance yadda goshin Lawwali yake. Ran kasuwa za ni zauna ƙofar ofishinka, ba ni tashi sai ka fito ka gaya mini abin da ya sa ka ce a'a.