Jirgin Kara na Hamma Buba

Wata Juma'a da la'asar, a ƙarshen kakar shekarar da aka sami 'yancin kai, mai hoto ya jingine kekensa a ƙofar gidanmu da ke Ɗan Iya, ya shigo da kyamara biyu. Ɗaya ƙatuwa ce mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, ɗayar kuwa ɗan akwati ne da ake leƙawa ta samansa. Baba ne ya kira shi saboda yayana Buba, wanda muke ce wa Hamma. Washegari zai bi ƙanen Baba kudu da shanunmu, ba kuma a san ranar dawowarsa ba. Hoto ɗaya Baba ya ce a ɗauka, na Hamma.

A lokacin jirgin ƙasa bai iso Bauchi ba, ana dai ta labarin ana shimfiɗo layin dogo daga wajen Jos. Hamma bai taɓa ganinsa ba, amma duk fatken da ya sauka a zaurenmu sai ya tsare shi da tambaya har mutum ya gaji. Da abin da ya tsinta a bakinsu ya ƙera nasa a bayan rumbu. Layin na ɓawon kara ne, taragun na totuwa da aka soke da ƙaya, kan jirgin kuwa gwangwanin madara, ya cusa busasshen kashin shanu da garwashi don ya yi hayaƙi. Ni ce mai gadin tasha, wato mai korar awaki, kuma na sha ranƙwashi a kan wannan muƙami.

Mai hoton ya ce babbar kyamara za ta fito da fuska tangaran, amma ba ta sunkuyawa, jirgin zai zama kamar shara a ƙasa. Ƙaramar kuwa ana iya ajiye ta a ƙasa daidai da layin, sai dai mutum ba zai shiga ba. Baba ya dubi Hamma ya ce, "Hotonka ne, zaɓa." Duk mun san hoton fuskarsa Inna take so. Tana tsaye bakin madafa da muciya a hannu, na ga leɓenta ya motsa. Amma Hamma ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, "yaron nan" take cewa, balle ta nuna a gaban mutane tana son ta riƙa kallonsa. Ta juya ta ci gaba da tuƙin tuwo. Hamma kuwa yaro ne, jirginsa kawai yake gani, ya nuna ƙaramar.

Mai hoton ya kwanta rub-da-ciki da farar rigarsa, muna ta dariya, Hamma ya hura garwashin ya koma baya ya tsaya. Da hoton ya zo bayan tafiyar Hamma, unguwa ta cika gidanmu, don jirgin ya fito kamar na gaske, har da hayaƙinsa. Can bayan taragun akwai ƙafafu biyu masu kaushi, daga gwiwa zuwa ƙasa.

Inna ba ta karɓi hoton a gaban kowa ba. Daga baya na same shi a ƙasan kwallarta, naɗe cikin ɗankwali. Wani lokaci ina shara sai in hango ta a ɗaki tana shafa gefen da babu jirgi. Tausayinta ya kan kama ni, in yi kamar ban gani ba. Hamma bai dawo ba, zazzaɓi ya ɗauke shi a can kudu tun kafin jirgin gaske ya yi kukansa na farko a Bauchi.

Yanzu jikokina kan ɗauki fuskata da waya safe da yamma, su goge wadda ba ta yi musu ba. Ni kuwa na tsufa, kamannin yayana sun dushe mini, ba ni da inda zan duba. Ƙafafunsa kaɗai nake iya ganewa.