Mariƙin Waya Mai Juya Kai

Matata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa kiran sunan ɗanmu na fari ba. Haka muka taso muka tarar a gidajenmu na Fagge: mace tana jin kunyar ɗan farinta, ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta ɗaga ido ta ƙare masa kallo. Mata da yawa sun sassauta yanzu, amma ita ta riƙe abin kamar yadda ta gada. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, bai dawo hannunmu ba sai da ya isa shiga makarantar allo. Ko bayan ya girma ya yi aure, in ya shigo gaishe ta sai ta mai da ido kan abin da ke hannunta, ko tsintar shinkafa ko ninkin kaya, ta amsa a taƙaice. In za ta yi zancensa sai ta ce "yaron nan", kowa kuma ya san wa take nufi.

Na so ya zauna tare da ni a rumfata ta Kantin Kwari, ya koyi shadda da atamfa. Shi kuwa gareji ya zaɓa. Daga gyaran mota ya faɗa tseren motoci, wanda ake yi a wani fili da aka share a bayan gari. Ya sami wata tsohuwar mota, ya cire mata kujeru ya bar ɗaya, ya kai wa mai walda ya girke mata bututun ƙarfe a ciki saboda ko za ta kife. Na yi faɗa har na gaji. Ita ba ta taɓa cewa komai ba. Sai dai duk ranar tsere ba ta sa abinci a baki sai ta ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida.

A shekarar da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, ƙafafunta suka kumbura, fita ta gagara sai zuwa asibiti. Likita ya kira ni gefe ya faɗa mini abin da na riga na gani da idona. Wata rana da la'asar ɗan ya shigo gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum. Sai ta dube ni ta ce, "Malam, wai me mutum yake gani ne in mota tana irin wannan gudun?"

Ni aka tambaya, amma shi ya ɗago kai. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske haka ba.

"Umma, zan ɗauko miki a waya," in ji shi. "Za ki gani kamar kina ciki."

"To," kawai ta ce.

Washegari ya sayi mariƙin waya wurin masu talla a bakin danja a Titin Ibrahim Taiwo, irin mai robar nan da ake mannawa a gilashi. Ranar gwajin mota ya manna shi. Ga zafin rana, ga ramuka, a kwanar farko abin ya saki. Wayar ta faɗo kusa da giyar motar, idonta yana kallon sama. Ba ta ɗauki hanya ba. Ta ɗauki rufin mota, da hannunsa yana sauya giya, da fuskarsa daga ƙasa, don ranar bai sa hular kwano ba. Ya turo mini a wayata yana dariyar kunya, ya ce in gani kawai, kada in nuna mata wannan shirme.

Na nuna mata. Na riƙe mata wayar tana kwance, ta kalla har ƙarshe, ta ce, "Sake." Na sake. Ta ce, "Sake dai, ban ga motar sosai ba." Babu wata mota da za a gani a ciki. A nan na gane. Hotonsa na ranar aure yana rataye a ɗakin shekara da shekaru, ba ta taɓa tsayawa a gabansa ba, domin duk wanda ya gan ta ya san abin da take kallo. Amma wannan sunansa kallon mota. Da wannan suna za ta iya duban ɗanta iyakar son ranta, ko a gabana.

Bayan 'yan kwanaki ya karɓi wayata zai gyara mini, don ta cika ta daina karɓar saƙo. Cikin abin da ya share har da bidiyon. Na tambaye shi ko yana da shi a tasa, ya ce ai tuni ya goge, abin kunya ne. Da yamma ta ce in nuna mata motar nan. Na ce ta goge. Ta juya ta fuskanci bango.

Ɗana ya ce zai je Sabon Gari ya sayi mariƙi na gaske kafin tsere mai zuwa. Na ce zan raka shi. Ya yi mamaki, don ban taɓa bin sa sayen ko da noti ba. Ranar Litinin muka hau adaidaita sahu, saboda mai shagon da yake saye a wurinsa Ibo ne, ba ya buɗewa ran Lahadi, yana coci. A Sabon Garin aka haifi mai shagon, a shagon ubansa ya girma, Hausarsa kuwa ta Kano ce tsantsa.

Yana hango mu ya ɗaga murya. "Ga mai gudun da ba ya zuwa ko'ina! Ka ƙona mai, ka cinye taya, ka dawo inda ka tashi. Sannu da zuwa, Alhaji. Ka zo ka raba shi da wannan aiki ne?"

"Na gaji, na bar wa Allah," na ce.

"Oga, bar surutu, fito da kaya," in ji ɗana. "Wanda ba ya faɗuwa nake so."

Ya zube mana su a kan kanta. Mai mannewa a gilashi ya ture shi gefe da kansa, ya ce ranar Kano ba ta barin roba ta riƙe komai. Akwai mai maƙalewa a ramin iskar sanyi, ɗana ya ce motarsa ko fanka ba ta da ita. Akwai mai maganaɗisu, suka haɗa baki suka ce rami ɗaya zai jefar da wayar. Saura biyu na ƙarfe, masu baki kamar filaya, waɗanda ake matsewa a jikin bututu da noti. Ɗaya sandararre ne, inda aka ɗaure shi nan yake kallo. Ɗayan yana da wuya mai ƙwallo a ciki, kansa yana juyawa ko'ina.

Mai shagon ya ɗaure su duka a ƙarfen ƙofar shagonsa, ya sa tsohuwar waya a kowanne, ya dinga dukan ƙarfen da hannu. Sandararren ko motsi bai yi ba. Mai wuyan kuwa a hankali ya sunkuyar da kai.

"Shi ke nan, wannan za mu ɗauka," in ji ɗana, ya nuna sandararren.

Ni kuma na riga na ɗora hannu a kan mai wuyan. Na ce, "Wannan fa, ana iya juyo shi ya kalli direba?"

"Ana iyawa, Alhaji. Shi wancan kuwa, a inda bututun motarsa yake, gaba kawai zai kalla."

"Baba, hanya Umma ta ce tana son gani. Me za a yi da direba?"

Na tsaya da abin a hannuna. In na faɗa masa gaskiya a nan, a gaban baƙo, na yaye wa mahaifiyarsa mayafin da ta rufa da shi tun tana yarinya. Ko mu biyu ne ma, ban san ta inda zan fara ba, don ni ma ban saba irin wannan magana da shi ba. In na yi shiru kuma, za a kawo mata ƙura da bayan motocin mutane. Sai Allah ya kawo mini wata magana, wadda ita ma ba ƙarya ba ce.

"Ni ma ina da abin da nake son gani," na ce. "Addu'ar hawa abin hawa da na rubuta maka a allo da hannuna, ina so in ga bakinka yana karanta ta kafin ka tayar da mota. Ban yarda kana yi ba."

Mai shagon ya fashe da dariya har yana buga kanta. "An kama ka! Alhaji, ka yi daidai. Ni ma tsohuwata har yau in zan fita sai ta ce in tsaya ta ji na yi addu'a."

"Haba Baba," in ji ɗana. "Ni fa ina da 'ya'ya."

"Ni ma ina da ɗa."

Ɗana ya ɗauki mai wuyan ya jujjuya shi, ransa a ɓace. Can ya karɓi sifana, ya matse notin wuyan iya ƙarfinsa, ya yanko robar tsohon tiyub ya naɗe ƙarfen kafin ya ɗaure bakin. Ya daka masa duka. Abin ya tsaya cak. Ya ce to, amma in an matse shi haka ba ya juyuwa sai an kwance da sifana, don haka a gudun farko zai juyo shi gare shi saboda ni, a na biyu ya mai da shi hanya saboda Umma. Muka yi ciniki muka fito. Har muka iso Fagge bai yi mini magana ba.

Damina ce a lokacin. Ruwa ya mai da filin taɓo, aka ɗaga tseren. Aka sa wata rana, aka sake ɗagawa. Ita kuwa kullum raguwa take. Kunun da take sha ya koma cokali kaɗan, salla ta koma a kwance. Ni da na shekara ina roƙon Allah ya raba ɗana da filin nan, sai ga ni bayan kowace salla ina duban sama ina roƙon a sami rana ta busar da shi. Sau ɗaya ta tambaye ni, ido a rufe, "Ba a yi wasan motar ba har yanzu?" Na ce saura kaɗan.

Ranar da aka yi, ya shigo bayan la'asar da baƙin mai a riga. Ya durƙusa a inda ya saba.

"Umma, ban samo miki hanyar ba. Motar ta mutu tun a gudun farko, ban kai ga juya wayar ba. Sai na Baba kawai." Ya karɓi wayata ya tura bidiyon a ciki, ya miƙo mini.

Idonta yana kan bargo. "Allah ya kiyaye gaba," ta ce.

Ya jira ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba. Ya tashi ya fita, na ji tashin babur ɗinsa.

Sai da ƙarar ta ɓace ta ce, "Malam, mu ga ko ya yi addu'ar."

Na zauna a bakin gado na riƙe mata. Mariƙin ya yi aikinsa, hoton ko rawa ba ya yi. Ga shi zaune, hular kwano a cinya, ya dubi wayar da fuskar wanda aka tilasta. Sannan ya runtse ido, leɓɓansa suka motsa, ya shafa, ya sa hular. Daga nan sai idanu kawai ake gani ta cikin gilashi, da hannuwa a kan sitiyari, har inda motar ta tsaya. Duka lokacin da fuskarsa ta fito bai wuce tsawon karanta Fatiha a natse ba.

A kan wannan ɗan wurin ta tsaya. Ta koyi jan abin baya da yatsanta mai kumburi, ba ta ƙara cewa in sake mata ba. Da hular ta rufe fuskar sai ta mayar farko. A kwanakin da suka rage mata wayar ba ta bar gefen matashinta ba, masu nemana a kasuwa suka gaji da kira. Wata safiya tana kallo ta ce, kamar da kanta take magana, "Ashe furfura ta fara fito masa." Ta sa yatsa a kan gilashin, daidai gefen kunnensa. Na duba da kyau. Tana nan, 'yan ƙwayoyi. Ni da nake ganinsa kullum ban lura ba.

Ta rasu da hantsi, ranar Alhamis, kafin a sake wani tseren.

Bayan an tashi daga zaman makoki, mutane sun watse, muka rage ni da shi a zaure kan tabarma. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu, sannan ya ce, "Baba, abu ɗaya ta taɓa nema a wurina tun da aka haife ni, shi ma ban kawo mata ba."

Na yi tunanin ko ina da izinin faɗa. Na ga dai wadda ake rufa wa asirin ta tafi inda kunyar duniya ba ta bin mutum, shi kuma zai ɗauki wannan nauyi har tsufansa. Na ce masa, "Ta ce furfura ta fara fito maka. Nan, gefen kunnen dama."

Ya dube ni. "Yaushe ta gani?"

"A wayar. Ba ta taɓa wuce inda ka sa hula ba."

Hannunsa ya tafi gefen kunnen a hankali, ya tsaya a can. Sannan ya tashi ya ɗauki buta ya shiga cikin gida, alhali lokacin salla da saura. Na bar shi.

Ya gyara motar daga baya, yana nan yana tserensa, na kuma daina faɗa. Kwanaki na bi ta garejin zan wuce kasuwa, na leƙa ta taga. Mariƙin yana nan a jikin bututun, robar tiyub ɗin ta fara tsagewa, kansa yana kallon kujerar direba. Bai kwance notin ba. Allah ya haskaka kabarinta, ya tsare shi a duk inda ya tayar da mota.